Mayen Ƙwallo da Ɗan Ƙwaya: Yadda Turanci Ke Wasa da Sunayen Jaraba

Akwai wani dare da ba na mantawa da shi a aikina na rediyo a Kumasi. Ranar Asante Kotoko ta kara da Hearts of Oak, gari ya ɗauki zafi, ni kuma ina gabatar da shirin wasanni da Hausa, layukan waya a buɗe. Kafin in shiga ɗakin watsa shiri na karanta wani sharhi a jaridar Turanci, inda marubucin ya kira kansa "football junkie". Kalmar ta burge ni. Da na zauna gaban makirufo sai na juya ta yadda take, na ce wa masu sauraro, "Ni kam kun san ni, ɗan ƙwayar ƙwallo ne, in ban sha ba ba na barci." Abokin aikina ya yi dariya, masu bugo waya biyu na farko su ma suka taya shi. Ta uku wata dattijuwa ce daga Aboabo. Ta yi sallama na amsa, na ce, "Mma, Kotoko ko Hearts?" Ta ce, "Ɗana, ni ban san ƙwallo ba. Na ji ka ce kai ɗan ƙwaya ne kana dariya. Ni ina da ɗan ƙwaya a ɗaki, yau kwanansa uku bai san inda kansa yake ba. Ka zo ka gan shi, in ka ga abin dariya sai mu yi tare." Ta kashe waya.

Bakina ya mutu. Na yi wa mai kula da na'ura alama ya saka talla. Laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Amma tun daga wannan dare na shiga bin diddigin kalmomin da Turanci na yau da kullum ke kiran mai jaraba da su, domin in gane yadda kalma ɗaya take zama ado a bakin ɗan jarida, ta kuma zama wuƙa a kunnen uwa. Abin da na fahimta shi ne, Turanci ya daɗe yana zuwa asibiti da gidan mahaukata da kurkuku yana aro sunayen masu wahala, ya rataya wa masu jin daɗi. Shi kuwa mai wahalar ba a raba shi da sunan ba, kuma nasa bai daina ciwo ba.

Mu fara da uwar kalmomin, wato "addict". Asalinta daga Latin ne. A dokar tsohuwar daular Rum, idan bashi ya yi wa mutum katutu ya kasa biya, alƙali kan miƙa shi ga mai bin sa, ya zauna a hannunsa kamar bawa. Wannan mutumin shi ake kira "addictus". Turanci ya ari kalmar a ƙarni na 16 da ma'anar wanda ya sallama kansa ga wani abu, mai kyau ko maras kyau, har ana iya faɗinta ga mai yawan karatu ko ibada. Sai wajejen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da shan ofiyom da mofin ya zama abin damuwa a Ingila da Amurka, kalmar ta koma bakin likitoci da 'yan sanda. To yau idan Baturiya ta ce ita "chocolate addict" ce, wani zai ce ai tsohuwar ma'anar ta dawo da ita. Ni ban yarda ba. Ba ta san tsohuwar ma'anar ba, mai sauraronta ma bai sani ba. Abin da ke ba maganar armashi shi ne hoton mai shan ƙwaya da ke bayanta. In ka cire wannan hoton, raha ta mutu. Gishirin wasan daga hawayen wani aka samo shi.

Kalmar da ta jefa ni a rami, "junkie", ta ma fi muni. "Junk" a Turanci tarkace ne, kayan bola. A shekarun 1920 'yan titi a Amurka suna kiran hiroyin da makamantanta da wannan suna, mai shan ta kuma ya zama "junkie". Ko ba a faɗa ba, kunne yana jin cewa mutumin ma an haɗa shi da bolar. Marubucin nan William Burroughs ya sa wa littafinsa na 1953 wannan suna, labarin mutumin da allura ta cinye wa rayuwa, wanda ya gina a kan abin da shi kansa ya sha fama da shi. Yau kuwa mai son labarai "news junkie" ne, mai son siyasa "political junkie", mai tsalle daga jirgin sama don nishaɗi "adrenaline junkie". Duk da alfahari suke faɗa. Haka "fiend" take. A tsohon Turanci ma'anarta maƙiyi, daga baya ta zama sunan Shaiɗan. Jaridun Amurka na ƙarshen ƙarni na 19 suka riƙa kiran masu shan ofiyom "dope fiend", wato shaiɗanun ƙwaya, don su tsorata jama'a. Yanzu malamin makaranta mai shan kofi uku na gahawa kafin azahar shi ma "coffee fiend" ne.

Me ya sa ake ta wannan aro? Amsar tana cikin kalmar "fan", wadda har a zangonninmu yara sun haddace. Gajartawar "fanatic" ce, ita kuma daga kalmar Latin "fanum", ɗakin bauta. "Fanaticus" shi ne wanda abin bautar ɗakin ya hau kansa, kamar yadda mu za mu ce iska ta hau ɗan bori. A shekarun 1880 aka fara kiran masu kallon wasan besbol a Amurka "fans". Yau da gobe ta wanke kalmar tas, har babu mai jin hauka a cikinta. Wanda ya taɓa sauraron waƙarka sau biyu ma "fan" ne. To da kalma ta yi sanyi haka, mai son ya nuna cewa nasa son ya fi na kowa dole ya nemo wadda ta fi zafi. Kamar kuɗi ne da darajarsu ta karye, sai an ƙara sifili. Shi ya sa aka samu "freak" da "nut" da "maniac", dukkansu sunayen masu taɓin hankali ko masu tawayar halitta. Shi ya sa kuma aka samu "stan". A shekarar 2000 mawaƙin Amurka Eminem ya fitar da waƙa mai wannan suna, labarin wani masoyinsa da ya yi ta rubuto masa wasiƙu bai samu amsa ba, har ya saka budurwarsa mai ciki a bayan mota ya auka da su cikin kogi. Gargaɗi ne waƙar. Ba a yi shekara ashirin ba matasa suka mayar da sunan abin tinƙaho, ƙamus na Merriam-Webster ma ya shigar da kalmar a 2019. Yarinya za ta rubuta a Facebook cewa tana "stan" ɗin wata mawaƙiya, ba ta ma san akwai gawa biyu a gindin kalmar ba.

Akwai wani ɗan guntun kalma da ya fi duka yawo, wato "holic". Tarihinsa yana da ban sha'awa ga Bahaushe, domin "alcohol" daga Larabci ta fito, "al-kuhl", kwallin da mata ke sa wa ido. Masana haɗa magunguna na Turai suka riƙa kiran duk wani gari mai laushi da sunan, daga nan duk abin da aka tace, har ya tsaya a kan ruhin giya. A 1849 wani likita ɗan Sweden, Magnus Huss, ya ƙirƙiro sunan ciwon shan giya daga wannan kalma. Sai masu magana suka yanke wutsiyar "alcoholic" suka riƙa liƙa ta a ko'ina. Wani malamin coci kuma masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Wayne Oates, shi ya yayata "workaholic" da littafinsa na 1971. Da gaske yake yi. Yana bayanin yadda jarabar aiki ke raba mutum da iyalinsa da lafiyarsa, kuma da kansa ya fara misali. Yau mai neman aiki yana zaune gaban masu tantancewa, a tambaye shi rauninsa, ya yi murmushi ya ce shi "workaholic" ne, yana nufin ku ɗauke ni ba za ku yi asara ba. Ciwo ya koma takardar shaida.

Ita kuwa "shopaholic", mai jarabar sayayya, marubuciyar Ingila Sophie Kinsella ce ta yi mata gata da jerin littattafan barkwanci da ta fara a 2000, aka yi fim ɗinsu a 2009. Tauraruwar labarin 'yar jarida ce mai ba mutane shawara kan kuɗi, alhali ita bashi ya kai mata iya wuya, tana ɓoye wasiƙun banki. Na karanta na farkon, na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba. Amma mai karatu ya lura da inda muka dawo: ga "addictus" nan sak, wadda bashi ya miƙa ga mai bin ta. Bambancin kawai ita an sa mata takalma masu tsada, don haka labarinta ya zama na ban dariya.

A nan ne babban ƙorafina yake. Wannan wasa ba kowa ke da ikon yin sa ba. Wanda ke kiran kansa "junkie" yana dariya, yana yi ne domin ya tabbata babu wanda zai ɗauka da gaske. Suturarsa da aikinsa da unguwarsu sun riga sun wanke shi. Dubi yadda Turanci ke raba mutum biyu da ke shan abu ɗaya: mai kuɗin da ya tara kwalaben giya a gidansa yana shinshina su "wine buff" ne ko "connoisseur", wanda ke kwana da kwalba a gindin gada kuwa "wino" ne. Kalmar mai kuɗi shi ke zaɓar ta da kansa. Ta talaka jifan sa ake yi da ita.

Kuma kada a ce Turanci ba shi da wata hanya. Yana da ita. Ga "buff", wadda ta samo asali daga mutanen New York masu son zuwa kallon kashe gobara, aka laƙaba musu launin rigar da 'yan kwana-kwana na sa-kai ke sakawa a da. Ga "aficionado" da aka aro daga Sifaniyanci, wadda da farko masu son wasan faɗa da bijimi ake nufi. Ga "anorak" ta 'yan Birtaniya, sunan rigar sanyi ce ta mutanen Greenland, aka mayar da ita sunan masu tsayuwa a tashar jirgin ƙasa cikin ruwa da iska suna rubuta lambobin jirage, daga nan duk mai naci a kan ƙananan bayanai. Waɗannan kalmomi suna da tsokana, suna da hoto, kuma ba su taka kowa ba. Hatta "geek", wadda a farkon ƙarni na 20 sunan mai cizge kan kaza da haƙori ne a wasannin kallo na Amurka, ta zama ta masanan kwamfuta ba tare da ta bar wani yana kuka ba, domin waccan sana'ar ta mutu. Ita kuwa jarabar ƙwaya tana nan da ranta.

Ɓarnar ba ta tsaya a ɓacin ran iyaye ba. Da kalma ta zama ado, 'yan kasuwa sai su ɗauka. Yau idan kamfani na son yabon wasan waya ko cincin ɗin da yake sayarwa, sai ya ce "addictive" ne, wato in ka taɓa ba ka iya bari. Abin da ya kamata a rubuta a matsayin gargaɗi shi ake tallatawa. "Binge" a da kwanakin da mashayi ke yi yana ɗirkar giya ba ƙaƙƙautawa ne. A 2015 ƙamus na Collins ya zaɓi "binge-watch", kwana kallon fim kashi bayan kashi, a matsayin kalmar shekara. Ana cikin wannan raha ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da shigar da jarabar wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka, kusa da jarabar caca. Ni na ga illar wannan da idona a shagunan cacar ƙwallo da suka cika unguwanninmu. Yaro zai zuba kuɗin makarantarsa a kan wasan wata ƙungiya da bai san ko a wace ƙasa take ba, in ka yi masa magana ya ce, "Yaya, ka san ni football addict ne." Gaskiya ya faɗa, amma da kalmar da aka riga aka zare wa haƙora. Shi yana jin yabon kansa yake yi.

A can inda kalmomin suka fito ma an fara farga. A 2010 masu bincike biyu a Amurka, John Kelly da Cassandra Westerhoff, suka ba ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sama da 500 labarin mutum guda. Wasu aka rubuta musu cewa shi "substance abuser" ne, wasu kuma aka ce mutum ne mai fama da ciwon shaye-shaye. Waɗanda suka karanta na farkon sun fi karkata ga cewa laifinsa ne, hukunci ya kamace shi. Ƙwararru ke nan, ina ga ɗan sanda ko maƙwabci? A 2017 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya shawarci 'yan jaridarsa su guji kiran mutum "addict" ko "junkie", su ce mutum mai fama da jaraba. Sai aka wayi gari cikin wani abin mamaki: kalmar da aka hana faɗa wa mai ciwon, ita ce mai lafiya ke buga wa a gaban rigarsa.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Harshe ba ya zaman lafiya da ɗan sanda. Zuguguwa gishirin magana ce a kowane yare, wanda ya ce yunwa za ta kashe shi bai ci mutuncin mamata ba. Sannan a tarukan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a 1935, mutum da bakinsa yake faɗin sunansa ya ce shi mashayi ne, kuma suna ganin wannan furucin shi ne matakin farko na warkewa. Don haka ba kalmar ce kaɗai abin dubawa ba, har da wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma wa ke tsaye kusa yana ji.

Mu ma Hausawa kada mu ɗaga hanci. Wace kalma ce ta fi "maye" nauyi a wurinmu? Zargin maita ya raba aure, ya hana 'yan mata mijin aure, ya kori tsofaffi daga garuruwansu. Amma ga mu muna cewa mayen shayi, mayen ƙwallo, mayyar fim, ba ma ko ɗar. Abin da Turanci ya yi wa "fiend" shi muka yi wa maye. Har akwai wani abin lura ga mai aikin rediyo: a rubuce, maye mai kama kurwa da maye na buguwa iri ɗaya suke, karin murya ne kaɗai ke raba su, in ka kuskure shi a iska ka canza zance. Muna da ɗan ga-ni-kashe-ni, muna da 'yan a-mutu, duk da mutuwa muke auna so. Sai dai har yau Hausa ba ta mayar da "ɗan ƙwaya" abin wasa ba, kuma ina roƙon kada mu ne 'yan rediyo da marubuta za mu koya mata. Dalili kuwa a fili yake. Mai rubuta "junkie" a jarida yana iya ƙare rayuwarsa bai shiga ɗakin da ake jinyar irin wannan yaro ba. Mu a zango babu wannan tazarar. A 2018, shekarar da maganar tiramol ta cika kafafen labarai a Ghana, ita ce kuma shekarar da Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken da BBC ta yi. Duk wanda ke sauraro na, in ba ɗansa ba ne to ɗan maƙwabcinsa ne.

Ga yadda nake yi yanzu idan takardar Turanci ta zo hannuna. Na daina tambayar me kalmar ke cewa, sai in tambayi wa ake nufi. In mai son ƙwallo ne, mayen ƙwallo ya ishe shi. "Fan" magoyin baya ne ko masoyi. "Stan" ɗan ga-ni-kashe-ni ne. "Geek" ƙwaro ne, kamar yadda muke cewa wane ƙwaro ne a lissafi. "Buff" ma'abocin abu ne da ya san kansa. In kuwa mai ciwon ake nufi, sai in ce wanda ya kamu da shaye-shaye. Ina son wannan "kamu" ɗin, domin da ita muke cewa ya kamu da zazzaɓi, kuma ita ce ta fi kusa da wancan mutumin Rum da aka damƙa a hannun wani. Wanda aka kama ana iya sakinsa. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, to amma turke ma ana tumɓuke shi.

Washegarin wancan dare na ba da haƙuri a farkon shiri, ban yi kwana-kwana ba. Bayan mako guda wani direba da ya san gidan ya kai ni Aboabo. Dattijuwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ba ta tayar da maganar ba. Yaron bai wuce shekara ashirin da biyu ba, dako yake yi a kasuwar Kejetia, wani ya ce masa in ya sha tiramol ba zai ji nauyin kaya ba. Ranar ya dawo hayyacinsa, yana zaune ya jingina da bango, hannunsa na rawa. A saman kansa an manna hoton 'yan wasan Kotoko, ya koɗe don daɗewa. Da ya ji muryata ya ɗago ya ce, "Yaya, kai ne mai shirin wasanni? Ba ya wuce ni." Na ce ni ne. Ya ce, "Ranar nan nawa aka tashi? Ban samu na ji ba." Na faɗa masa. Muka yi kusan awa muna hirar ƙwallo, uwar tana daga bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ya fi ni sanin 'yan wasan baya nesa ba kusa ba.

Da zan tafi ta rako ni har zaure, ta ce, "Ɗana, ka riƙa sa shi a addu'a." Na ce in sha Allahu, Mma. Allah ya yaye wa 'ya'yanmu, mu kuma ya kiyaye mana harsunanmu.